Mai Makulli da Taron da Ya Doke Shi

Yatsan tsakiya shi ne mai gardama. Kowace safiya Mai Makulli yakan zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, ya tsoma hannun dama cikin kwanon ruwan ɗumi da gishiri, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana miƙar da su, kamar uba mai tashin yara su tafi makaranta. Babban yatsa ba ya musu. Manuni yakan yi ɗan ƙara sannan ya miƙe. Na tsakiyar kuwa ya lanƙwashe tun ranar da ƙarfe ya sauka a kansa, kuma ya ƙi sulhu da kowa.

“Baban Auta, ka ƙyale shi haka nan,” in ji matarsa daga bakin keken ɗinkinta. Tela ce, da sunan sana'ar ma kowa ke kiranta. “Ya fi ka taurin kai.”

“Ai a gidan nan ya koya. Kin san malamarsa.”

“Allah ya shirye ka, tsoho.”

Ni maƙwabcinsu ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma katangar ba ta iya riƙe magana ba.

Yana saurayi ba a yi mai hannu irin nasa ba a layin masu gyara. Kwaɗon da ya gagari mai shi, in ya zura masa siririyar waya ya kara kunne, sai ka ji ƙas, kamar kwaɗon ya amsa gaisuwa. Wata rana da tsakar rana wani mai shago ya ɓatar da makullinsa, ya zo ya ɗauke shi a bayan babur zuwa wata kasuwa inda ba wanda ya san fuskarsa. Ya nuna masa ƙofar, ya ce bari ya sayo ruwa ya dawo. Mai Makulli ya durƙusa, ya sa waya a kwaɗo. Sai wata murya daga bayansa ta ce, “Ɓarawo!”

Kalma ɗaya ce, amma tana da ƙafafu da yawa. Kafin ya juya, katako ya same shi a ƙeya. Ya buɗe baki zai ce mai shagon ne ya kawo shi, dutse ya rufe bakin, ya haɗiye maganar tare da haƙoransa na gaba. Suka ja shi ta ƙafa ɗaya zuwa tsakiyar titi, kansa yana dukan ƙasa. Wani ya yi ta tattaka masa haƙarƙari da takalmi mai ƙarfe a baki. Wata mai sayar da kifi ta watsa masa ruwan wankin kifi a ido. Wani tsoho ya rasa abin duka, ya cire silifas ɗinsa. Da ya ɗaga hannun dama don ya kare fuskarsa, sai wani dogo mai rodi ya take masa wuyan hannun a ƙasa, ya daidaita a natse, ya sauke rodin a kan yatsun kamar mai fasa kwakwa. An riga an mirgino taya, ana cigiyar mai ashana, lokacin da mai shagon ya dawo da gorar ruwa a hannu yana kururuwa.

Taron ya watse kamar ƙudaje. Ba wanda ya ce yi haƙuri. Tsohon nan ma ya dawo ya ɗauki silifas ɗinsa.

Ya daɗe a kwance. Da ya tashi, hannun ya daina jin maganar kwaɗo, sai ya koma yankan makulli da inji a wata rumfa. Ya kuma tashi da alkawari guda: hannun nan da ɗan'uwansa na hagu ba za su taɓa sauka a jikin mai rai ba. Mun ga ya cika. Kunama in ta shigo ɗaki, a gwangwani yake kwashe ta ya kai bola. 'Ya'yansa sun girma ba wanda ya san nauyin tafinsa.

Saboda wannan alkawarin Tela ta aure shi. Ita a gidan da bulala ke rataye bayan ƙofa ta tashi, kuma tana ƙarama ta taɓa share haƙorin mahaifiyarta daga ƙasa da tsintsiya. Tun kafin a ɗaura musu aure ta faɗa masa nata.

“Rashi zan iya. Ciwo zan iya. Amma ranar da hannunka ya sauka a jikin ɗan'adam, ko ni ko wani can, ranar zan ɗauki kekena.”

Ya ce ya ji. Suka yi furfura tare a kan haka.

Wata rana wata Malama ta same shi a rumfarsa, yana goge sabon makulli da burushi. Malamar jami'a ce, siririya, mai magana a hankali kamar tana auna kowace kalma da cokali.

“Baba, an ce kai ne wanda taron kasuwa ya doka, ka rayu.”

“An ce dai. Makulli nawa za a yanka?”

Ta zauna a kan benci ba tare da an ce ta zauna ba.

“Akwai wani tabarau, Baba, babba, kamar na mai walda. In ka sa shi, ba kallon fim kake yi ba, kana cikin fim ɗin. Ka juya hagu ka ga mutane, ka ɗaga kai ka ga sama. Likitoci suna koyon tiyata da shi ba tare da sun yanka kowa ba. Magina suna yawo cikin gidan da ba a sa ko tubalinsa ba. Mu kuma so muke mu kwantar da mutum a inda ka kwanta. Mu ga ko wanda ya ɗanɗana, gobe in ya ji an ce ɓarawo, zai sunkuya ya ɗauki dutse.”

“To, zai hana?”

“Ban sani ba. Da na sani, da ba a kira shi bincike ba.”

Wannan amsar ce ta kama shi. Ya ce da alkawari ta yi masa, da bai je ba.

Wurin aikin tsohon sito ne da aka share, aka shafa wa bangonsa fenti mai toka-toka. An kafa kyamarori a kan sanduna sun zagaye ɗakin, duk suna kallon tsakiya, inda aka ja iyaka a ƙasa da farin tef. A kusurwa akwai tebur da kwamfuta da mai kwamfuta, mutumin da ba ya ɗaga kai sai in an ɗauke wuta. Shugaban wurin shi ne Darakta, wani ƙato mai tumbi da dariya, wanda ya bar harkar fim saboda, a faɗarsa, ya gaji da mutanen da ke kallon duniya ta taga.

“Yaya!” ya ce tun ranar farko, ya rungume shi. “Kai ne jarumin? Na zaci zan ga ƙato. Wannan ai iska ma sai ta yi maka taron dangi.”

“Kai kuwa ƙanena, da kai suka samu, da sun gaji tun kafin su kai ga ƙashi.”

Suka zama abokan wasa tun daga nan.

Aka ba shi wata baƙar riga mai matse jiki tun daga wuya har idon sawu, an lilliƙa mata fararen ɗigo a kowace gaɓa. Kyamarorin ba sa ganin mutum, ɗigon kawai suke gani. In ya ɗaga hannu, sai wani ƙwarangwal a allon kwamfuta ya ɗaga nasa. Daga baya mai kwamfuta zai sa wa ƙwarangwal ɗin tsoka da fuska da tufafi.

Da farko kansa aka ce ya yi. Ya durƙusa gaban ƙofar da babu ita, ya juya, ya faɗi, ya naɗe kamar bushiya. Wannan bai ba shi wuya ba. Jiki ya daɗe da haddace karatun.

Sai aka zo kan taron. Manyan kamfanoni, in ji Darakta, suna da riguna irin wannan cike da ɗaki, su tara mutane su ɗauke su lokaci guda. Su kuwa rigarsu ɗaya ce tak, kuma a jikin Mai Makulli aka rage ta. An gwada wasu 'yan wasa a cikinta, amma dukansu na fim ne, su ja hannu baya sosai, su yi tsalle, su ɓata fuska. Mai Makulli yana gefe yana kallo, sai ya ce:

“Ba haka ake yi ba. Mai katakon bai yi fushi ba. Sauri yake yi, kamar ya bar shago ba kowa.”

Darakta ya dube shi, ya dubi Malama.

“Yaya, ko za ka nuna mana?”

Malama ta ce, “Ba dole, Baba.”

Aka jawo wani buhu da aka cika da tsumma da yashi, aka ɗinka masa hannuwa da kai. Ma'aikatan suna kiransa Surukin Darakta. Mai Makulli ya tsaya a kansa da katako.

“Wannan dai ba shi da rai ko?”

“Ko ɗigo,” in ji Darakta. “Shi ya sa muke shiri da shi.”

Ya ɗaga katakon ya sauke.

Haka ya zama taron, mutum ɗaya bayan ɗaya. Yau shi ne mai katako. Gobe mai dutse, wanda ke matsowa ya jefa ya ja baya yana duba ko an gan shi. Ya yi mai takalmin ƙarfe, ya tattaka Suruki har yashi ya fara tsiyaya ta ɗinkin. Ya yi mai kifi, da yadda ta riƙe bakin zanenta da hannu ɗaya kada ya jiƙe. Ya yi tsohon mai silifas, har ma'aikata suka fashe da dariya, sannan suka ga shi ba ya dariya, suka haɗiye tasu. Bai manta kowa ba. Ashe wanda ke ƙasa ya fi kowa ganin taro. Mai kwamfuta ya yi ta jera su, kowa a gurbinsa, har da'irar ta kusa rufewa. Gurbi ɗaya ya rage, na dogon nan mai rodi. Duk ranar da aka tuna masa, sai ya ce a bari tukuna.

Da aka haɗa abin, shi aka fara sa wa. Tabarau a fuska, abin ji a kunne, da wata falmaran mai ƙananan injina a ciki, wadda ke naushinka a daidai inda duka ya sauka. Ya kwanta a tsakiyar tef. Rana ta buɗe a kansa, ga kasuwa, ga rumfuna, ga ƙafafu. Suka rufar masa. Falmaran ta yi ta dukan haƙarƙarinsa, ihu ya cika masa kunne. Fuskokin baƙi ne, mai kwamfuta ne ya ƙirƙire su. Amma kowane ɗayansu in zai ɗaga hannu, sai kafaɗarsa ta dama ta ɗan noƙe, kuma kowa yatsansa na tsakiya a lanƙwashe yake, har da matar.

Da aka cire masa tabarau ya daɗe yana kallon silin.

“Yaya, lafiya?”

“Ƙanena, duk ni ne.”

Aka fara kawo mutane su gwada, ɗalibai da direbobi da 'yan kasuwa. Wani ya yi amai a cikin kwandon shara. Wata ta fizge tabarau ta zauna tana kuka, ta ce ita ma ta taɓa tsayawa kallo. Wani saurayi kuma ya tashi yana murmushi, ya ce, “Oga, babu wanda ake ba mutum katakon?” Malama ta rubuta duka, da mai kukan da mai murmushin, fuskarta ba ta nuna wanda ya fi yi mata nauyi ba.

Darakta kuwa ba ya gajiya da zancen gobe. Ya ce nan gaba tabarau zai koma kamar na karatu, kowa da nasa a aljihu. Yara za su shiga cikin tarihi da ƙafarsu, likita a wata ƙasa zai tsaya a kan majinyaci a wata. Ya ce injin ma zai koyi motsin mutane har ya daina bukatar riga.

“Wato dukan da na koya masa, zai ci gaba da yi bayan na mutu?” in ji Mai Makulli.

“Don a daina na gaske, Yaya.”

“Allah ya sa.”

Rigar takan yage a hammata, sai ya kawo ta gida Tela ta kama. Ita ce ta fara lura. Ta ce da can in ya dawo daga rumfa, warin ƙarfe yake yi da man inji. Yanzu wani gumi yake kawowa wanda ba ta san shi da shi ba. Ya fara rufe ƙofa da ƙarfi. Ya fara cin abinci da sauri, kamar ya bar shago ba kowa.

Wata ranar hutu da rana, kyanwar gidana ta tsallaka katanga ta ɗauke kifi daga faranti a tsakar gidansu. Ba yau ta fara ba, dā dariya yake yi, ya ce ita ma tana da iyali. Ranar akwai wani babban kwaɗo kusa da shi. Ban ga jifan ba, ƙarar na ji, da kukan da ya biyo baya, sai na leƙa ta katanga. Kyanwar ta ja ƙafafunta na baya a kan siminti, ta bar layin jini har bakin magudana. Auta, ƙaramar 'yarsu da ta zo hutu daga makaranta, ta tsaya da bokiti a hannu tana kallon ubanta kamar baƙo ya shigo musu.

Keken ɗinki ya yi shiru.

“Baban Auta.”

“Tsautsayi ne.”

“Tsautsayi ba ya saiti. Na ga yadda ka daidaita.”

“Kyanwa ce fa, Tela.”

“Yau kyanwa ce. Ka ce buhu ba shi da rai, na yi shiru. To hannu bai san buhu ba, duka kawai ya sani. Ka je ka kwaso mutanen nan daga kasuwa ka zuba su a jikinka, yanzu kana shigo mini da su gida ɗaya bayan ɗaya. Ni mutum ɗaya na aura.”

“Saura guda. In na yi shi, na gama.”

“Wane ne?”

Ya dubi hannunsa. Ta gane.

“Maganata tana nan inda na ajiye ta,” ta ce. “Ban tsufa da ɗaukar keke ba.”

Shi ya naɗe kyanwar a tsumma ya kawo mini ita da kansa. Bai iya haɗa ido da ni ba.

Ranar da za a yi mai rodi, Malama ta gayyaci wasu dattawan unguwa su zo su gwada tabarau bayan an gama ɗauka, ina cikinsu. Aka zaunar da mu a benci jikin bango. Akwai masu kyamara, akwai maigadin sito da kulkinsa, akwai wasu ɗalibai.

Suruki ya riga ya fashe a makon da ya wuce, yashinsa na tare a kusurwa. Darakta ya ce ya ma fi. Buhu ba ya kaucewa, shi ya sa dukan ke fitowa kamar sussuka. Shi da kansa zai kwanta, ya riƙe guntun katifa mai kauri a kansa, ya riƙa motsawa. Rodin kuwa bututun ƙarfe ne mara nauyi sosai, an naɗe shi da soso an ɗaure da tef. Kuma don dukan ya sauka a daidai gurbinsa, wannan karon Mai Makulli zai sa tabarau da abin ji yana yi, ya ga taron, ya ga na ƙasa.

“A'a,” in ji Mai Makulli. “Kai mai rai ne.”

“Katifa za ka doka, Yaya, ba ni ba. Ko ka same ni ma, ina za ka bi ka kai ga ƙashi? Kai ka faɗa.”

Malama ta ce ita hankalinta bai kwanta ba. Darakta ya ce sau uku kawai zai sauke, in ya ce tsaya, ya tsaya. Ba wanda ya tuna cewa mai abin ji a kunne, ihun kasuwa kawai yake ji.

Aka sa masa tabarau. Mu a allon kwamfuta muke ganin abin da yake gani. Ga da'irar mutane, ga gurbin da aka bar masa, ya taka ya shiga. A ƙasa ga wani saurayi siriri a naɗe, baki duk jini, ya ɗaga hannun dama yana kare fuska. Mai kwamfuta ya yi fuskar ne daga wani tsohon hoton Mai Makulli.

Ya tsaya cak. Na zaci zai ajiye bututun.

Sai ya take gefen katifar da ƙafa, ya daidaita a natse, ya sauke. Na farko, na biyu, na uku.

“Tsaya! Ya yi, Yaya!” in ji Darakta daga ƙasa, yana dariya.

Na huɗu ya sauka. Mai Makulli ya fara magana, da wata murya da ban taɓa ji ta katanga ba.

“Tashi! Tashi mana! Ka buɗe baki ka gaya musu! Wa ya ce ka durƙusa? Wa ya ce ka bi shi? Sakarai! Tashi!”

Kowace kalma da dukanta. Tef ɗin bututun ya tsinke, soso ya yi tsalle ya faɗa kusa da ƙafata, ƙarfe ya fito tsirara. Katifar ta zame. Darakta ya ɗaga hannu, muka ji ƙashin ya amsa kamar busasshen reshe. Na gaba ya same shi a baki. Dariyar ta koma wani gurnani, jini ya fantsama a kan farin tef.

“Zai kashe shi!” wani ya ce. “Mahaukaci ne! Ku kama shi!”

Ban san wanda ya fara ba. Maigadi ya sauke masa kulki a gadon baya. Wani mai kyamara ya fizgo sandar fitila ya rafka masa a ƙeya, tabarau ya tashi sama ya tarwatse a ƙasa, abin ji ya bi shi. Ya faɗi, bututun ya gangara can gefe, hannunsa ba komai. Amma ba su tsaya ba. Ɗaliban da suka yi wata da watanni suna tambayar mutane me ke sa a ɗauki dutse, su ne ke harbinsa a ciki da haƙarƙari. Ɗaya daga cikin dattawan da muka zo tare ya miƙe da kujerar roba a sama. Mai Makulli bai kare kansa ba. Ya naɗe, ya sa hannun hagu ya rufe na dama.

Malama ta faɗa tsakiyarsu tana ture su, wani gwiwar hannu ya same ta a ido. Ba su ji ta ba. Abin da suka ji shi ne muryar Darakta, daga cikin bakin da ya cika da jini.

“Ku bar shi! Ku bar mini yayana, 'yan banza! Ni na ce ya yi!”

Suka ja baya. Maigadi ya dubi kulkinsa kamar wani ne ya sa masa a hannu. Dattijon ya ajiye kujerar a hankali ya zauna a kanta. Ba abin da ake ji sai fankar kwamfuta. Mai kwamfuta, wanda a karon farko ya ɗaga kai ba tare da an ɗauke wuta ba, ya ce cikin raɗa, “Malama, kyamarorin fa suna ɗauka.” Ta ce ya kashe, tana dafe da ido.

Mai Makulli ya tashi a kan gwiwoyinsa. Jini na bin bayan kunnensa yana shiga wuyan rigar, wasu fararen ɗigon sun koma ja. Ya rarrafa zuwa wajen Darakta. Ya dubi hannun da ya karye, ya dubi leɓen da ya tsage. Ya kai yatsu zai taɓa, ya fasa.

“Ƙanena.”

“Ka kai ga ƙashin dai,” in ji Darakta, yana tofar da jini. “Na raina ka.”

Ba wanda ya yi dariya. Darakta ya kamo rigarsa da lafiyayyen hannun, ya jawo shi kusa. Ya san zancen keken, sun sha hira a kansa.

“Ji nan, Yaya. Fitila ce ta faɗo mana, ni da kai. Kowa a ɗakin nan fitila ya gani. Ko ba haka ba?” Ya juya idonsa kan ma'aikatan, suka yi ta gyaɗa kai, har da maigadi, wanda ya fi kowa saurin gyaɗawa. “Yayata Tela ba za ta ji komai ba. Ka koma gidanka ka zauna da matarka.”

Mai Makulli ya girgiza kai.

“A'a,” ya ce. “Ba fitila ba ce. Ni ne.”

“Za ta tafi fa.”

“Ta yiwu. Amma daga bakina za ta ji, yau, kafin ta kama wani ɗinki.”

Malama ta matso. “Baba, ka yafe mini. Ni na je rumfarka.”

“Da ƙafata na zo, 'yata. Ki rubuta wannan ma. Kada ki bar kowa a waje, har da ni.”

Ya yage hannun rigar da ragowar haƙoransa, ya ɗaure wa Darakta karyayyen hannun a ƙirji. Wasu suka matso za su kama, ya ɗaga musu kai, suka tsaya inda suke. Ya juya baya ya durƙusa.

“Hau. Asibiti tukuna.”

“Kai ɗin? Za ka karye, tsoho.”

“Hau, na ce.”

Ya miƙe da shi da ƙyar, tumbin Darakta ya rufe masa baya gaba ɗaya. Ya taka farin tef ya wuce, ya bi ta tsakanin sandunan kyamara, mutane suna buɗa masa hanya. Maigadi ya ruga ya ja ƙofar sito, hasken rana ya zubo ciki. Mai Makulli ya gyara goyonsa, ya sunkuyar da kai, ya fita.